Kumburin Babbar Jijiyar Jini ta Ciki da Hanyoyin Gyara Shi

A jikin ɗan Adam babu jijiyar jini da ta kai awota girma. Daga ɓangaren hagu na zuciya take tasowa, ta yi sama kaɗan, ta lanƙwaso kamar mariƙin laima, sannan ta gangara ta cikin ƙirji dab da ƙashin baya, ta ratsa tantanin naman da ya raba ƙirji da ciki. A cikin ciki ne take fitar da rassan da ke shayar da hanta da saifa da tumbi da hanji da ƙodoji biyu. Idan ta iso saitin cibiya sai ta rabu gida biyu, kowane reshe ya nufi ƙafa ɗaya. Faɗinta a wannan wuri kimanin santimita 2 ne ga baligi, wato kamar kaurin mesar ban-ruwa. Zuciya tana harba mata kusan lita 5 na jini a kowane minti ɗaya, tana bugawa wajen sau 100,000 a kwana guda.

Abin da ke sa jijiyar ta jure wannan bugu shekara da shekaru shi ne ginin bangonta. Akwai zaruruwan furotin iri biyu a cikinsa: ilastin, mai talewa ya koma kamar roba, da kolajin, mai ƙarfi kamar igiya. Idan waɗannan zaruruwa suka lalace a wani wuri, bangon yakan saki, jini ya riƙa tura shi waje sannu a hankali har wurin ya kumbura. Duk wanda ya taɓa ganin tsohon tif ɗin keke ya yi ƙulu a gefe guda ya ga misalin abin. Likitoci suna kiran wannan kumburi anurizim, kuma suna ɗaukar cewa ya samu idan faɗin awota a ciki ya kai santimita 3. Mafi yawansa a ƙasa da rassan ƙoda yake fitowa, kuma kamar yadda za a gani nan gaba, wannan tazara tsakaninsa da ƙoda tana da muhimmanci ƙwarai ga likitan fiɗa.

Ciwo ne na dattawa, ya kuma fi kama maza waɗanda suka kai shekara 65 zuwa sama. Shan taba shi ne babban abin da ke jawo shi, sai gado da hawan jini. Mugun halinsa kuwa shi ne shiru. Mutum yakan yi shekaru da shi bai ji komai ba, sai dai a ci karo da shi ana duba wani ciwo daban, ko kuma siririn mutum ya ji wani abu yana harbawa a saman cibiyarsa in ya kwanta rigingine. Idan ya fashe, kimanin mutum 8 cikin 10 ba sa tsira, da yawansu ma ba sa kaiwa asibiti.

Dalilin da ya sa ake auna faɗinsa

Ɗalibin fiziya zai gane haɗarin da ƙa'idar da ake dangantawa ga masanin lissafin nan na Faransa, Laplace, wanda ya rasu a 1827. Ƙa'idar ta nuna cewa jan da bangon bututu yake sha ya danganta ne da matsin ruwan da ke ciki da kuma faɗin bututun. Ke nan idan jijiya mai faɗin santimita 2 ta kumbura ta kai santimita 6, jan da bangonta yake sha ya ninka sau uku ko da matsin jini bai ƙaru ba, alhali bangon nan ya riga ya raunana. Kumburi yana ƙara ja, ja kuma yana ƙara kumburi. Malami zai iya nuna wa ɗalibai haka da doguwar balan-balan: a hura ta rabi, a ba su su taɓa. Wurin da ya kumbura yana da tauri, wutsiyar da ba ta buɗe ba kuwa tana da laushi, ga shi kuma iska ɗaya ce a ciki.

Da jin haka mutum zai ce ai da an gano kumburi sai a yi maza a gyara. An gwada wannan ra'ayi, bai ci jarrabawa ba. A wani bincike da aka yi a Birtaniya, wanda aka buga sakamakonsa a 1998, an raba marasa lafiya 1,090 masu kumburin santimita 4 zuwa 5.5 gida biyu. Kashi ɗaya aka yi musu tiyata nan da nan, ɗaya kashin aka riƙa duba su da na'urar hoton ciki, irin wadda ake duba mata masu juna biyu da ita. Waɗanda aka yi wa tiyata da wuri ba su fi sauran tsawon rai ba. Lissafin a fili yake: ƙaramin kumburi yana fashewa ne ga kimanin mutum 1 cikin 100 a shekara, tiyatar kuwa ta kashe kusan mutum 6 cikin 100 a wancan bincike. Wani makamancinsa da aka yi a Amurka ya ba da irin wannan amsa a 2002. Masu iya magana sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Saboda haka ne ake jira sai kumburi ya kai santimita 5.5 ga namiji, ko kimanin santimita 5 ga mace, tun da jijiyar mace ta fi ƙanƙanta kuma takan fashe tun kumburin bai kai na namiji ba. Ana kuma yin aiki kafin haka idan yana girma da sauri, kamar santimita 1 a shekara, ko ya fara ciwo. A lokacin jiran nan babu ƙwayar magani da aka tabbatar tana mayar da kumburi. Abin da aka tabbatar shi ne barin taba yana rage saurin girmansa.

Yadda aka yi ta lalube

Kafin a kai ga hanyoyin da ake bi a yau an sha wuya. A 1817 wani likitan Landan, Astley Cooper, ya ɗaure awotar wani majiyyaci da zare don ya hana jini isa ga kumburin da ke ƙasa, amma mutumin bai cika kwana biyu ba. Wasu sun riƙa cusa siririyar waya a cikin kumburin domin jini ya daskare a kanta. Wasu kuma suka koma naɗe shi da wata leda mai sheƙi da ake kira salofen, da nufin ta harzuƙa nama ya yi tabo mai kauri ya riƙe bangon. Wannan dabara ce likita Rudolph Nissen ya yi wa mashahurin masanin kimiyya Albert Einstein a birnin New York cikin Disamban 1948. Einstein ya ƙara shekara shida da 'yan watanni. Da kumburin ya fara yoyo a Afrilun 1955 sai ya ƙi yarda a sake yi masa tiyata, ya rasu ranar 18 ga watan yana da shekara 76.

Abin lura shi ne a tsakanin waɗannan shekaru biyu, 1948 da 1955, fagen ya sauya gaba ɗaya. Ranar 29 ga Maris 1951, a birnin Faris, Charles Dubost ya yanke kumburin wani mutum mai shekara 50, ya maye gurbinsa da guntun awota da aka ciro daga gawar wata matashiya aka adana. Mutumin ya rayu shekara takwas bayan haka. Sai dai jijiyar gawa ba ta samuwa kullum, kuma ita ma takan lalace. Mafita ta zo daga wata 'yar lura da Arthur Voorhees ya yi a New York: ya ga wani zaren siliki da ya rataya a cikin zuciyar karen gwaji ya lulluɓe da santsin nama irin na cikin jijiya. Ya yi tunanin cewa in jiki zai karɓi zare, zai karɓi yadi. A 1952 ya ba da rahoton bututun yadi da ya ɗinka ya dasa wa karnuka. Ba da daɗewa ba Michael DeBakey na birnin Houston ya gwada yadin Dacron, ya ɗinka bututunsa na farko da keken ɗinkin matarsa. Har yau da Dacron ake yin yawancin waɗannan bututu.

Hanya ta farko: buɗe ciki

A wannan tiyata ana sa majiyyaci barci gaba ɗaya. Likita yakan tsaga ciki daga ƙasan ƙashin ƙirji har zuwa mara, ko kuma ya shiga ta kwiɓin hagu ya bi ta bayan hanji. Awota tana kwance ne can baya a kan ƙashin baya, don haka dole a kawar da hanji gefe kafin a gan ta. Sai a ba da hefarin, maganin da ke hana jini daskarewa, sannan a matse jijiyar da wani awartaki na musamman a sama da kumburin, a kuma matse rassanta biyu a ƙasa.

Wannan matsewa ita ce wuri mafi haɗari a aikin. Zuciya tana cikin harba jini sai ta tarar an toshe mata babbar hanya, matsin jini ya hau, alhali yawancin masu wannan ciwo dattawa ne da taba ta riga ta cinye musu jijiyoyin zuciya. Ƙafafu kuma suna zaune ba jini har a gama. Idan aka saki awartakin, jini yakan kwarara ƙasa gaba ɗaya, matsinsa ya faɗi, gurɓataccen jinin da ya taru a ƙafafu ya dawo zuciya. Shi ya sa ake sakinsa kaɗan-kaɗan, likitan fiɗa da likitan sa barci suna magana da juna a kowane mataki. Idan kumburin ya bar sarari a ƙasa da rassan ƙoda, a nan ake sa awartaki, ƙoda ta ci gaba da samun jini. Idan babu sarari sai a matse ta sama da su, kuma kowane minti da ya wuce ƙoda ce ke biya.

Tsakanin matsewa da saki, likita yakan tsaga kumburin a tsaye, ya kwashe daskararren jinin da ya taru a ciki, ya ɗinke bakin ƙananan jijiyoyin da ke ɓulɓulo da jini daga bayansa. Sannan ya ɗinka bututun yadi a jikin lafiyayyar jijiya ta sama da ta ƙasa da zaren da ba ya narkewa. In kumburin ya tsaya kafin mararraba, miƙaƙƙen bututu ya wadatar. In ya shafi rassan ƙafafu, sai a sa mai siffar wando. Ba a yanke tsohon bangon a jefar kamar yadda Dubost ya yi. Tun daga dabarar da Oscar Creech ya bayyana a 1966, barinsa ake yi a naɗe bututun da shi a ɗinke, don kada yadi ya riƙa gugar hanji har ya huda shi.

Aikin yakan ɗauki sa'a uku zuwa huɗu ko fiye, majiyyaci ya kwana ɗaya ko biyu a ɗakin kulawa ta musamman, ya yi kamar mako guda zuwa kwana goma a asibiti, sannan ya yi wata biyu ko uku kafin ƙarfinsa ya dawo sosai. Abubuwan da ake tsoro sun haɗa da bugun zuciya, ciwon huhu, gazawar ƙoda, da mutuwar wani sashe na babban hanji saboda ƙarancin jini. Daga baya wasu sukan sami ƙaba a wurin ɗinki, wasu mazan kuma matsalar fitar maniyyi saboda jijiyoyin saƙo da ke kwance kan awota. Amma wanda ya tsallake waɗannan, galibi ya rabu da kumburin ke nan har ƙarshen ransa.

Hanya ta biyu: gyara ta cikin jijiya

Akwai dattawan da zuciyarsu ko huhunsu ba za su ɗauki wancan aiki ba, kuma su ne suka sa aka nemi wata hanya. Nikolai Volodos na birnin Kharkiv a Yukren ya fara gwada ta a kan awotar ƙirji a 1987, amma duniya ba ta ji labarinsa da wuri ba. A Satumban 1990, a birnin Buenos Aires na Ajantina, Juan Parodi tare da Julio Palmaz suka yi wa wani dattijo mai ciwon huhu gyaran kumburin ciki ba tare da an buɗe cikinsa ba.

Dabarar ita ce a yi wa jijiya shafi daga ciki, kamar yadda tela ke yi wa riga. Ana ɗinka bututun yadi a jikin ragar waya, a matse shi a cikin wani siririn kube da bai wuce kaurin ɗan yatsa ba. Wayar sau da yawa ta nitinol ce, gamin ƙarfen nikel da titaniyam, wanda ke da halin komawa siffar da aka ƙera shi da ita da zarar an sake shi. Likita yakan huda jijiyar matsematsi, inda cinya ta haɗu da mara, ya tura kuben sama yana kallon tafiyarsa a allon hoton eksire, bayan an zuba wani ruwan rini a jini don jijiyoyi su fito. Idan ya kai daidai ƙasan rassan ƙoda sai ya janye kuben, ragar ta buɗe ta manne da bango. Ƙafar wando ta biyu ana shigar da ita ta ɗaya matsematsin a haɗa su a ciki. Daga nan jini ya bi ta cikin bututu, jakar kumburin ta huta, sau da yawa ma ta motse. Ba a matse awota ba, ba a taɓa hanji ba, wani lokaci ko barci ba a sa majiyyaci, kashe wurin kawai ake yi. Cikin kwana biyu ko uku yakan koma gida.

To amma a nan babu ɗinki ko ɗaya. Abin da ke riƙe bututun shi ne turin waya da 'yan ƙugiyoyi. Don haka sai an sami lafiyayyen wuri a ƙasa da rassan ƙoda, wanda likitoci ke kira wuya, mai tsawon aƙalla santimita 1 zuwa 1.5, kuma wanda bai karkace da yawa ba. Sai kuma jijiyoyin ƙugu sun kasance da faɗin da kube zai wuce. Inda wuya ya gajarta, akan ƙera wa majiyyaci bututu nasa na kansa mai tagogi daidai bakin rassan ƙoda da hanji, bisa awon da aka ɗauka da na'urar siti sikan. Wannan aiki ne na manyan cibiyoyi, ga tsada, ga jiran ƙira.

Babbar matsalar wannan hanya ita ce yoyo, wato jini ya ci gaba da shiga jakar kumburin ta bayan bututu. Yakan shiga ta bakin sama ko na ƙasa in mannewar ta saki, ko ta mahaɗin ɓangarorin bututun, kuma waɗannan biyu dole a gyara su domin cikakken matsin jini ne ke dukan bango. Yakan kuma dawo da baya ta ƙananan jijiyoyin nan da likitan buɗe ciki yake ɗinkewa da hannu. Wannan shi ya fi yawa, kuma sau da yawa yakan toshe da kansa. Ita jijiyar ma ba ta daina tsufa ba: wuya yakan buɗe da shekaru, bututu ya zame ƙasa. Majiyyaci ba ya jin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Hoto ne kaɗai ke nuna su, shi ya sa wanda aka yi wa wannan aiki zai riƙa komawa asibiti ana duba shi muddin ransa.

Wacce ta fi?

An yi wa hanyoyin biyu gwaji na adalci a Birtaniya, inda daga 1999 zuwa 2004 aka raba marasa lafiya 1,252 ta hanyar ƙuri'a. A cikin kwana 30 na farko, kashi 1.8 cikin ɗari na waɗanda aka bi ta cikin jijiyarsu ne suka rasu, a ɓangaren buɗe ciki kuwa kashi 4.3. Binciken Holan da na Amurka su ma sun nuna wannan rinjaye na farko. Amma da aka ci gaba da bin mutanen, cikin 'yan shekaru tazarar ta ɓace. Rahoton 2016, bayan an bi su har shekara 15, ya nuna cewa daga shekara ta takwas zuwa sama mutuwa ta fi yawa a cikin waɗanda aka bi ta jijiyarsu, galibi saboda tsohuwar jakar ta koma ta fashe. An kuma fi sake yi musu aiki. Gaskiya ne bututun da ake ƙerawa yanzu sun fi na wancan lokaci inganci, amma shaidar shekara 15 sai an jira shekara 15 ake samunta.

Ashe ke nan tambayar ba ta wacce ta fi kyau ba ce kurum, ta yaushe mutum zai ɗauki haɗarinsa ce, yau ko gobe. Dattijo mai shekara 80 da raunin zuciya, haɗarin yau ne ya dame shi, hanya ta biyu ta fi masa. Mai shekara 62 da ƙarfinsa, wanda ake sa ran zai ƙara shekara ashirin, yana da hujja mai ƙarfi ta jure wahalar buɗe ciki sau ɗaya ya huta. Duk da haka a Amurka da yawancin ƙasashen Turai hanya ta biyu ce ta fi yawa a yau, kuma ba abin mamaki ba ne, domin ba kowa ne za a nuna wa gajeriyar jinya ya zaɓi doguwa ba. Akwai ma wani rukuni na uku: a wani gwajin na Birtaniya da aka yi a kan waɗanda rauninsu ya hana a buɗe musu ciki, sa musu bututu ta jijiya bai ƙara musu tsawon rai a jimlace ba, saboda wasu cututtukan ne suka riga kumburin. Ga irin waɗannan, barin aikin ma shawara ce ta likita.

Wurin zama shi ma yana shiga lissafi. Wanda garinsu ke da nisan ɗaruruwan kilomita daga na'urar hoto, ko wanda aka yi wa aiki a ƙasar waje ya dawo gida ba mai bibiyarsa, bututun da ke buƙatar dubawa kowace shekara yana iya zame masa tarko.

Idan ya riga ya fashe

Alamominsa uku ne: matsanancin ciwon ciki ko baya da ya zo farat ɗaya, jiri ko suma saboda faɗuwar matsin jini, da wani ƙullutu mai harbawa a ciki. Akan ɗauke shi a matsayin tsakuwar ƙoda, kuma wannan kuskure yana cin rai. Idan ya fashe ta gaba, jini yakan malale cikin ciki, mutum ya tafi cikin mintuna. Idan ta baya ne, naman da ke kewaye yakan riƙe jinin na 'yan sa'o'i, kuma waɗannan su ne ke isa asibiti. A hanya ba a cika musu ƙarin ruwa don a ɗaga matsin jini, muddin suna cikin hayyacinsu suna magana, domin ɗaga shi yana iya ture gudan jinin da ya toshe ɓarakar.

Duka hanyoyin biyu ana amfani da su a nan. A gwajin da aka buga a 2014 a kan mutum 613, mutuwa a cikin kwana 30 ta kai kashi 35 cikin ɗari a ɓangaren da aka fara neman bi ta jijiya, da kashi 37 a ɓangaren buɗe ciki. A kwatanta wannan da kashi 2 zuwa 4 na aikin da aka shirya a natse. Wannan tazara ce ta sa Ingila ta fara, tun daga 2009, gayyatar kowane namiji da ya kai shekara 65 a duba masa awota sau ɗaya da na'urar hoton ciki. A Amurka kuma ana ba da shawarar haka ga maza masu shekara 65 zuwa 75 waɗanda suka taɓa shan taba. Likitoci sukan ƙara da 'yan'uwan jini na wanda aka samu da ciwon, musamman maza. Dubawar ba ta da zafi, kuma ba ta wuce minti goma zuwa sha biyar.